TILAS BA TA RASA ƊAKIN KWANA: Nauyin da mulkin mallaka ya ɗora wa talakan Nijar

Hausawa na cewa baƙonka annabinka. Tun kaka da kakanni, in matafiyi ya iso gari da almuru, ba ya kwana waje. Maigari zai nuna masa masauki, a kawo masa ruwa, a dama masa fura, a zuba wa dokinsa harawa. Ba a karɓar ko tamma ɗaya daga hannunsa. Mai masaukin ma shi ke godiya, domin an ga gidansa ya isa a sauka.

Amma akwai wani baƙo da kakanninmu suka sani, wanda ba ya sallama. Shi ke zaɓen ɗakin da zai kwana, shi ke nuna ragon da za a yanka masa, in ya tashi tafiya kuma sai ya tasa samarin gidan gaba su ɗauki kayansa. Wannan baƙo shi ne sojan Nasara. A kansa karin maganar nan ta zauna daram: tilas ba ta rasa ɗakin kwana.

A wannan shafi za mu jera nauye-nauyen da mulkin Faransa ya ɗora wa mutanen ƙasar nan daga shekarar 1899 zuwa 1946, mu ga inda suka kai jama'a. Za mu leƙa kuma wata ƙasa mai nisa, Amurka, inda maganar saukar da soja ta shiga cikin dalilan da suka sa aka yi juyin juya hali.

Talaka da ɗan ƙasa

Kafin mu shiga lissafi, ya kamata mu san kalmomi biyu. A dokar Faransa ta wancan zamani, mutane iri biyu ne. Akwai citoyen, wato ɗan ƙasa: yana da ƙuri'a, ba a ɗaure shi sai alƙali ya yi masa shari'a. Akwai kuma sujet, wato talakan da aka ci da yaƙi: ana ba shi umurni, ba a shawara da shi. A duk faɗin Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa, in ka ɗebe haifaffun garuruwa huɗu na Sanagal, wato Dakar da Gore da San Luwi da Rufisk, da wasu ƴan tsiraru da aka ba takardar zama Faransawa, kowa talaka ne. Sarki da bafade, malami da almajiri, manomi da makiyayi, duk layinsu ɗaya.

Dokar da ke kan talaka sunanta indigénat. Daga Aljeriya ta samo asali, aka kawo ta Sanagal a 1887, aka shimfiɗa ta bisa sauran ƙasashen a 1904. Ga abin da ta ƙunsa a taƙaice: kumandan yana da iko ya kulle mutum har kwana 15, ya ci shi tara har tamma 100, wato dala 20, ba tare da an je gaban alƙali ba. Shi ne mai ƙara, shi ne shaida, shi ne mai yanke hukunci. Laifuffukan kuwa sun haɗa da jinkirin biyan haraji, da ƙin amsa kiran bariki, da ɓoye mutane ranar ƙidaya, da ƙin ba da abinci ko abin hawa in hukuma ta nema, da abin da suka kira raina wakilin gwamnati. Wannan na ƙarshe ba shi da iyaka, domin kumandan ne da kansa ke faɗin abin da ya zama raini. Gwamna Janar da ke Dakar kuma yana iya korar mutum daga ƙasarsa har shekara 10, ana kuma iya cin gari ɗungum tara saboda laifin mutum guda.

Duk nauyin da za mu ambata a ƙasa, wannan doka ce bulalar da ke bayansa.

Yadda abin ya faro

Ba za a ce kafin zuwan Nasara talaka ba ya ɗauke da komi ba. Ana biyan kuɗin ƙasa da jangali, ana fid da zakka, ana yi wa sarki noma a gandunsa, dakarun sarakuna kuma sun sha cin garuruwa. Sai dai waɗannan abubuwa sananni ne, al'ada ta auna su, kuma sarkin da ya wuce gona da iri ya san talakawa na iya watsewa su bar shi, ko masu zaɓen sarki su juya masa baya. Nasara ya zo da bindigar da ta fi ƙarfin wannan ma'auni.

A watan Janairu na 1899 ayarin Kaftin Voulet da Kaftin Chanoine ya taso daga bakin kogin Kwara ya nufi tafkin Cadi. Turawan cikinsa ba su kai goma ba. Sauran sojoji ne baƙar fata, da ɗaruruwan ƴan dako, da mata, da dabbobi. Ba su ɗauko guzurin da zai ishe su ba. Dabararsu ita ce duk garin da aka sauka, shi zai ciyar da ayari. Garin da ya yi jinkiri, ko rijiyarsa ta kasa, sai wuta. Haka suka yi wa Sansane Hausa tun a watan farko. A watan Afrilu suka gwabza da Sarauniya Mangu a Lugu. A watan Mayu suka ƙone Birnin Ƙonni, suka kashe mutane masu ɗimbin yawa. Labari ya kai Paris, aka aiko Kanar Klobb ya tsayar da su, Voulet ya sa aka harbe shi ranar 14 ga Yuli a kusa da Dankori. Kwanaki kaɗan bayan haka sojojinsu suka juya musu, suka kashe Chanoine da Voulet a wajen Maijirgi. Sauran ayarin ya ci gaba, ya shiga Damagaram a ƙarshen wannan wata.

Gwamnatin Faransa ta ce waɗannan hafsoshi biyu sun kangare ne. Amma ƙa'idar da suka bi, cewa ƙasa ita ke ciyar da wanda ya ci ta, ba ta mutu tare da su ba. Gyara ta aka yi, aka rubuta ta a takarda, aka ba ta suna réquisition, wato karɓar abin mutum da sunan bukatar hukuma.

Saukar da soja da ciyar da shi

Daga 1900 har zuwa 1922 ƙasar nan yankin soja ce, hafsoshi ke mulkinta. Barikin Yamai, wanda Kaftin Salaman ya kafa a farkon shekarun 1900, shi ya sa tsofaffi ke kiran birnin garin Kaftan Salma. Daga nan ake tura sojoji da kaya zuwa Damagaram, tafiyar makonni a ƙasa. A shekarun farko iyakar da Faransa da Ingila suka shata a 1898 ta bar garuruwan kudu masu ruwa a hannun Ingilishi, saboda haka sai ayarori su zagaya ta Filinge da Tawa, inda rijiyoyi ke da nisa da zurfi. Sai da aka sake shata iyakar a 1904 da 1906 hanya ta sauko kudu. Ƙauyen da Allah ya ajiye bisa wannan hanya ya ga ta kansa.

Ga yadda abin ke gudana. Manzo zai riga ayari isowa, ya gaya wa maigari ranar sauka. Kafin ranar dole a share fili, a gyara bukkokin saukar Bature, waɗanda gari ne ke gina su, shi ke kuma sake musu jinka kowace shekara. A tara itace, a cika randuna, a tanadi hatsi da harawa domin dawaki, da kaji da ƙwai da nono domin Bature, da raguna domin sojoji. Mata su kwana suna daka. Sojojin, waɗanda ake kira ƴan Sanagal ko da yake daga ƙasashe dabam-dabam aka ɗebo su, sai a rarraba su gidajen mutane. Maigida ya fita daga turakarsa, ya ba wanda ba ya jin harshensa. In da budurwa a gidan, uwaye kan fid da ita daji tun kafin ƙurar ayari ta bayyana. Abin da ya sami waɗanda ba a fitar ba, tsofaffi ba su son faɗinsa.

A wurin da ruwa ke da wuya, ɗebe ruwan rijiya ya fi kwashe hatsi ciwo. Ayari mai dawaki da raƙuma in ya sha ya wuce, sai garin ya yi kwanaki yana jiran rijiya ta sake tara ruwa.

A takarda an ce a biya abin da aka karɓa. Amma farashin da hukuma ta yanke bai kai na kasuwa ba, kuma kuɗin kan bi ta hannun tafinta da gardi da sarki kafin su iso ga mai abu, in ma sun iso. Talakan da bai iya karatu ba, ba shi da takardar da zai nuna, ba shi da ƙofar da zai kai kuka.

Akwai wata saukar kuma wadda ta fi wannan muni, domin ita horo ce. In gari ya yi jinkirin biyan haraji, sai a tura masa gardi, wato ɗan sandan kumandan, ya zauna a gidan maigari, ya ci ya sha da shi da dokinsa bisa wuyan gari, har ranar da kuɗi suka cika. Kowace rana ta jinkiri akuya ce ko kaza. Da haka aka mai da saukar baƙo, wadda ta kasance abin alfahari, ta koma sandar duka.

Lanho

Nauyi na biyu shi ne haraji, wanda muke kira lanho, daga kalmar Faransanci l'impôt. Kuɗin kai ne: ana ƙidaya mutane, maza da mata, a yanka wa gari abin da zai biya, makiyaya kuma a bi dabbobinsu. Da farko ana karɓar hatsi da dabbobi da wuri. Daga baya aka ce sai kuɗin Faransa. Manomin da bai taɓa riƙe tamma ba dole ya neme ta: ya sayar da hatsinsa da kaka lokacin da ba ya da daraja, ko ya shuka gyaɗa, ko ya tafi cin rani Kano ko Kumasi ko Ankara.

Abin da ya fi cutarwa shi ne littafin ƙidaya ba ya mutuwa. In annoba ta ɗebi mutane, ko wasu sun gudu, sunayensu na nan a littafi har a sake ƙidaya, wanda kan ɗauki shekaru. Waɗanda suka rage su ke biya wa matattu da waɗanda suka tsere. Sarki kuma yana da kashinsa cikin abin da ya tara, saboda haka sai aka mai da shi mai matsa wa talakawansa. Wanda ya ƙi matsawa a tuɓe shi, a naɗa wani.

Aikin tilas da dako

Nauyi na uku shi ne ƙarfin jiki. A 1912 aka tsara abin da suka kira prestation: kowane namiji mai lafiya zai yi wa gwamnati aiki kyauta na wasu kwanaki a shekara, waɗanda a takarda ba su kai mako biyu ba. An rubuta cewa aikin ya kasance kusa da garin mutum, kada ya faɗa lokacin noma, in an yi nisa kuma a ciyar da shi. Amma wa zai ƙidaya wa kumandan kwanaki? Da wannan aiki aka share hanyoyin mota, aka kafa turakun wayar tangarahu, aka buga tubalin bariki da gidajen kaso, aka nome gonakin da ake kira gonar kumandan.

Kafin mota ta yawaita, kan mutum shi ne motar gwamnati. A ɗebi samari daga wannan zango su kai akwatuna zango na gaba. Inda babu mutane da yawa sai a kama jakuna da takarkarai da raƙuma. Dabbar da ta mutu a hanya, asarar mai ita ce.

Harajin jini

Nauyi na huɗu shi ne ɗan da ka haifa. A 1912 aka fara ɗibar soja ta dole a Afirka ta Yamma. Da yaƙin duniya na farko ya ɓarke a 1914, aka matsa. Mutanen da aka ɗiba daga wannan yanki cikin yaƙin sun kai wajen 170,000, dubbai ba su komo ba. A 1919 aka mai da abin doka ta dindindin, shekara uku ga wanda ƙuri'a ta faɗa kansa. A 1926 aka ƙara wata dabara: samarin da likita ya ce suna da lafiya amma ba a ɗauke su soja ba, ana iya tura su aikin gine-gine da sunan kashi na biyu na soja.

Har makaranta ta wannan ƙofa ta shigo. A ce wa sarki ya kawo yara kaza lekol, shi kuma ya aika dogarai su kamo. Uban da ya ga an ɗauki hatsinsa da jakinsa da babban ɗansa, in aka zo neman ƙaramin, sai ya ɓoye shi cikin rumbu. Tsoron boko da ya daɗe a karkararmu yana da saiwa a nan.

Tura ta kai bango

Jama'a ba su zauna hannu rungume ba. A watan Disamba na 1905, a Kobkitanda da ke kudu da Doso, wani malami makaho, Alfa Saibu, ya kira mutane su daina biyan lanho, su daina bin Nasara da sarakunan da ke mara masa baya. Aka kashe gardi biyu. A watan Janairu na 1906 Faransawa suka far wa garin tare da dawakin Zarmakoy Awta na Doso; hafsansu guda ya mutu a wurin, amma suka ci garin. Alfa Saibu ya ƙetare iyaka zuwa Satiru kusa da Sakkwato, inda talakawa suka karya rundunar Ingilishi a watan Fabrairu, kafin a zo a shafe garin a watan Maris, a kashe malamin. A cikin wannan Janairun ne kuma Umaru, sarkin Karma, garin da ke bakin kogi ba nisa da Yamai, ya tayar da nasa boren, shi ma aka murƙushe shi. A Damagaram, cikin shekarar, Faransawa suka ce sun gano shirin tawaye, suka tuɓe Sarki Amadu ɗan Basa, suka kai shi Kodibuwa. Ba a mai da sarautar ba sai 1923.

Bore mafi girma daga arewa ya taso. Arziƙin Abzinawa raƙumi ne: da shi ake zuwa Bilma da Fashi ɗaukar gishiri da dabino, da shi ake kai su Damagaram da Kano a sayo hatsi. Faransawa suka riƙa kama raƙuman domin jigilar soja, musamman lokacin da suka tura runduna dutsen Tibesti a 1913 da 1914, inda dabbobi da yawa suka hallaka. A daidai wannan lokaci aka yi yunwar nan da Hausawa ke kira Kakalaba, Zabarmawa ke kira Gande Beri. Ba a ɗaga lanho ba. A 1916 Fihirun ya tayar da nasa yaƙin a yamma, har mayaƙansa suka kai hari Filinge, aka karya shi cikin shekarar. A watan Disamba na 1916 Kawusan ya iso Agadas da bindigogi da igwa daga wajen Sanusiyya, Sarkin Abzin Tagama ya haɗa kai da shi, suka kewaye barikin Faransawa kusan kwana 80. Sai ranar 3 ga Maris 1917 rundunar Kanar Mourin da ta taso daga Damagaram ta buɗe barikin. Ramuwar da aka yi ta yi muni: aka karkashe malamai da mutanen gari a Agadas da Ingal, aka kwashe dabbobi, aka koro jama'ar duwatsu zuwa kudu. Kawusan ya mutu a Murzuk a 1919. Tagama kuwa a gidan kaso aka kashe shi a 1920.

Wanda ba ya da takobi ya yi yaƙi da ƙafarsa. Daga ƙasar Ƙonni da Maraɗi da Tasawa da Magarya, ƙauyuka sukutum sun sha tashi da dare su ƙetare zuwa Nijeriya. A 1925, a ƙasar Filinge, wasu suka fito da borin Hauka, wanda Hausawa ke kira Babule, suna kwaikwayon soja da gwamna, suna ƙin umurnin sarki. Kumandan Yamai na lokacin, Crocicchia, ya sa aka kamo su aka kulle. Sai ga shi shi kansa ya zama iska cikin borin, suna kiransa Kumandan Mugu.

Ginin Yamai da yunwar 1931

A 1922 aka fid da Nijar daga mulkin soja ta zama ƙasar mallaka mai gwamna, a ƙarshen 1926 kuma, zamanin Gwamna Brévié, aka yanke a mai da babban birni Yamai daga Damagaram. Sabon birni na bukatar fadar gwamna da ofisoshi da gidajen ma'aikata da hanyoyi. Ƙauyukan Zabarmawa da ke kewaye su suka ba da hannuwan da suka yi aikin, su suka ba da hatsin da aka ciyar da leburori da sojoji da fursunoni.

Sai fari da fara suka cinye amfanin gona. Rumbuna sun riga sun yi sauƙi, majiya ƙarfi da yawa suna wurin aikin bariki ko sun tsere Gwalkwas neman kuɗin lanho. A 1931 yunwa ta faɗa wa yammacin ƙasar, dubban mutane suka mutu, wasu garuruwa suka watse, hukuma kuwa tana ci gaba da neman harajinta. Sai da aka aiko mai bincike daga Faransa, aka ɗauke Gwamna Blacher. Masana tarihi irin su André Salifou da Finn Fuglestad sun yi nazarin wannan yunwa, sun nuna cewa fara ba ita kaɗai ke da laifi ba.

Maganin da hukuma ta kawo shi ne rumbun tsimi: kowane gida ya zuba hatsi a rumbun da ba ya da ikon buɗewa sai da izinin bariki. Tanadi abu ne mai kyau, amma da yake da bulala ya zo, sai ya zama wani sabon nauyin. A yaƙin duniya na biyu kuma aka ƙara matsawa wajen karɓar hatsi da gyaɗa da dabbobi da sunan taimakon yaƙi.

Abin da ya faru a Amurka

Mai karatu zai yi mamaki in ya ji cewa Turawa ma sun taɓa ɗanɗana irin wannan. Kafin Amurka ta zama ƙasa, yankuna 13 ne da ke ƙarƙashin Sarkin Ingila. Bayan yaƙin da Ingila ta ci Faransa a 1763, sai ta bar sojoji wajen 10,000 a can, ta ce mazauna wurin su ɗauki wani kashi na nauyinsu. A 1765 majalisar Landan ta yi dokar saukar da soja: yankunan su gina bariki, in bai isa ba a sauke sojoji a gidajen baƙi da mashaya, in har yanzu da saura a ba su gidajen da ba kowa da rumbunan ajiya. A ba su kuma itacen wuta da kyandir da gishiri da shimfiɗa da tukwane da abin sha. A wannan shekarar aka ɗora musu harajin takardu.

In an gwada da abin da ya sami Filinge ko Tawa, wannan doka mai sauƙi ce, domin ba ta ce a shigar da soja ɗakin da mutum ke kwana ba. Duk da haka majalisar Niyok ta ƙi ba da kuɗin, har Landan ta yi dokar dakatar da ita a 1767. Hujjarsu guda ce: ba mu da wakili a majalisar da ta yanke wannan nauyi, saboda haka ba ta da ikon ɗora mana shi. A 1768 aka jibge sojoji a birnin Boston. Ranar 5 ga Maris 1770 suka buɗe wuta ga taron jama'a, mutum biyar suka mutu. A 1774 aka sake tsaurara dokar. A 1775 yaƙi ya ɓarke. Takardar shelar ƴancin kai ta 4 ga Yuli 1776 ta lissafa jibge musu sojoji cikin laifuffukan sarki. Da suka kafa ƙasarsu, suka rubuta cikin gyaran tsarin mulki na uku, a 1791, cewa lokacin zaman lafiya ba a saukar da soja a gidan mutum sai da yardarsa. Sai dai a tuna, da yawa cikin masu wannan kuka suna riƙe da bayi baƙar fata, waɗanda ba wanda ya nemi yardarsu a kan komi.

Faransa kanta ta san ciwon. Daga 1681, zamanin Sarki Luwi na 14, an riƙa saukar da barade a gidajen Kiristocin da ba su bin ɗariƙar sarki, su ci su ɓarnatar har mai gida ya sallama. Aikin tilas da manoman Faransa ke yi wa iyayen ƙasa yana cikin abubuwan da juyin juya halin 1789 ya tashi kawarwa. Bayan shekara ɗari da ƴan kai, jikokin waɗanda suka yi wannan juyi su ne suka kawo mana abin da kakanninsu suka ƙi.

Bambancin ƙarshen labarin a fili yake. Mutanen Amurka suna da majalisu da jaridu da jiragen ruwa, suka kuma sami taimakon Faransa, saboda haka borensu ya zama juyin juya hali. Alfa Saibu da Umaru Karma da Kawusan sun yi gaba da bindigar da ta fi tasu, aka rubuta su a littafin Nasara da sunan ƴan tawaye. Amma tambayar da suka yi ɗaya ce: da izinin wa ka shigo gidana?

Ranar da aka sauke kayan

Abin da takobi ya kasa, siyasa ta kawo shi bayan yaƙin duniya na biyu, wanda ƴan Afirka suka zubar da jini a cikinsa. A 1945 aka zaɓi wakilan Afirka zuwa majalisar Paris. Fily Dabo Sissoko shi ya wakilci Sudan ta Faransa, wato Mali ta yau, tare da Nijar. Dokokin 22 ga Disamba 1945 da 20 ga Fabrairu 1946 suka kashe indigénat. Ranar 11 ga Afrilu 1946 dokar da ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny ta haramta aikin tilas. Ranar 7 ga Mayu dokar Lamine Guèye ta ce babu sauran talakan mallaka, kowa ɗan ƙasa ne. Cikin wannan watan aka kafa jam'iyyar PPN a Yamai, a watan Nuwamba kuma aka zaɓi Diori Hamani ɗan majalisa. A karkara halin bai canza rana ɗaya ba, gardi da dogari sun daɗe ba su ji labari ba. Amma hanya ta buɗe wadda ta kai ga kafa Jamhuriya ranar 18 ga Disamba 1958, da ɗiyaucin ƙasa ranar 3 ga Agusta 1960.

Abin da ya rage gare mu

Babu ƙasar da za ta tsaya ba tare da ƴaƴanta sun ɗauki nauyi ba. Ɗan ƙasa ma yana biyan lanho, yana fita gayya, yana ba da ɗansa domin tsaron iyaka. Abin da ya raba nauyinsa da na talakan mallaka shi ne: doka ce ta faɗe shi, an san iyakarsa, an ba da takardar shaida, kuma akwai ƙofar da mutum zai kai kuka in an zalunce shi.

Saboda haka, ya kai ma'aikaci, ko da kaki kake ko da babbar riga, in ka fita rangadi ƙauye, ka tuna da wannan tarihi. In maigari ya yanka maka kaza don karamci, ka ci ka gode. In kai ka nuna kazar, ka koma gardi, ko da tutar ƙasa ce ke kaɗawa gaban motarka.

Kai kuma ɗan'uwa da ka fito daga ajin yaƙi da jahilci, ka riƙe abin da kakanka bai samu ba. Ka iya karanta abin da aka rubuta gaban sunanka. Duk wanda ya karɓi kuɗinka ko hatsinka da sunan hukuma, ka nemi takarda, ka duba adadi, ka adana ta.